Zaizayar Ƙashi: Yadda Za a Gane Ta da Wuri, a Kare Iyaye Daga Karaya

Dattijuwa ta fito alwalar asuba, silifas ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ta zauna daɓas. Irin faɗuwar da jikanta zai yi ya miƙe ya kaɗe riga ce, amma ita ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta juya waje ta gajarta. A Gusau, a Ƙauran Namoda, a Talata Mafara, abin da ake faɗa ɗaya ne: tsautsayi ne, tsufa ne. Tsautsayi kam akwai shi. Sai dai ƙashi mai lafiya ba ya karyewa don mutum ya faɗi daga tsayensa. Wanda ya karye a haka ya yi shekaru yana zaizayewa ba tare da ya yi ciwo ko sau ɗaya ba, kamar yadda gara ke cinye katako ta ciki ta bar bayansa sumul.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo a gurbinsa, har ta kai cikin kamar shekara 10 kusan duk ƙasusuwan jiki sun sabunta. Tun daga yarinta gini ke rinjayar rusau, har zuwa wajen shekara 30 inda ƙashi ke kai iyakar ƙarfinsa. Daga nan sai a fara ci daga rumbu. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki, wato sinadarin da ke taurara ƙashi, a ƙashi da haƙora yake, kuma jini ba ya yarda nasa ya ragu, domin zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki. Duk ranar da abinci bai kawo isasshe ba, a ƙashi za a ɗebo. Ga mace kuma akwai ƙarin nauyi: sinadarin mata da ake kira istirojin ne ke riƙe linzamin masu rusau, idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai linzamin ya saki, ta riƙa asarar wajen kashi 2 cikin 100 na ƙashinta kowace shekara na tsawon shekaru. Ƙididdigar Gidauniyar Yaƙi da Zaizayar Ƙashi ta Duniya ta nuna mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, daga masu shekara 50 zuwa sama, za su gamu da irin wannan karaya.

A raba wannan da abin da muke kira sanyin ƙashi. Ciwon gwiwa, ƙagewar yatsu da safe, kumburin gaɓa, waɗannan amosanin gaɓɓai ne, matsalar mahaɗa ce. Zaizayar ƙashi ba ta da zogi sai ranar da ta karya. Haɗa su wuri ɗaya ne ke sa mai ciwon gwiwa ya yi ta shan maganin da ke cin ƙashinsa, ita kuwa wadda babu inda ke mata ciwo ta ɗauka lafiyarta ƙalau.

Mataki na farko: a san wa ya kamata a sa wa ido

Babbar alama ita ce karayar da ta riga ta faru. Duk wanda ya haura 50 ya karye a tsintsiyar hannu, ko dantse kusa da kafaɗa, ko ƙugu, ko ƙashin baya, sanadin faɗuwa daga tsaye ko abin da bai kai haka ba, a ɗauka yana da zaizayar ƙashi har sai gwaji ya nuna akasin haka. Karaya ta farko tana ninka haɗarin ta biyu, kuma shekara biyun farko sun fi hatsari.

Bayan wannan sai mace da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata ƙwayayen mahaifa. Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya taɓa karyewa a ƙugu. Siririn mutum marar nauyi. Mai shan taba ko giya. Mai sikila, ciwon suga, ciwon ƙoda, ko wanda tayirod ɗinsa (wata halitta a gaban wuya mai fitar da sinadarai) ke aiki fiye da kima. Da wanda jinya ta kwantar watanni. Shayarwa tana ɗibar kashi 3 zuwa 7 cikin 100 na ƙashin uwa, amma yana dawowa bayan yaye idan ta sami abinci da hutu. Inda ake samun matsala shi ne ciki kan goyo, goyo kan ciki, ga abinci tuwo da miya tsarara, musamman ga yarinyar da ita kanta ƙashinta bai gama ginuwa ba.

Akwai abin da ya shafe mu a Zamfara musamman. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara aƙalla 400. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take maƙalewa, ta zauna shekaru gommai. Lokacin da ƙashi ke saurin rushewa, wato ciki, shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada, sai ta sake fitowa cikin jini, har ta kai ga ɗan tayi. Macen da ta zauna inda ake niƙa dutsen zinare ta faɗa wa ma'aikatan awon ciki, ta kuma riƙe kalsiyam da muhimmanci, domin wadatarsa na rage abin da jiki ke ɗebowa daga ƙashi.

Mataki na biyu: awo uku da ake yi a gida

Ƙasusuwan baya a jere suke kamar tubali. Idan sun zaizaye sai ɗaya ya lotse ta gaba, wani ya bi, mutum ya ragu a tsawo ya fara ranƙwafawa. Kusan biyu cikin uku na irin wannan karayar ba a gane ta, ana cewa ciwon baya ne ko doron tsufa.

A sami bango miƙaƙƙe da daɓe marar tudu da kwari. A ce, "Inna, zo ki jingina nan mu ga tsawonki." Ta cire takalmi da ɗankwali mai tudu, a aza littafi a kanta a kwance, a ja layi a bango, a rubuta kwanan wata. A maimaita duk shekara a lokaci guda, misali kowace ƙaramar salla da safe, don mutum ya fi tsawo da safe. Idan ta ragu da santimita 2 tsakanin awo da awo, ko santimita 4 daga tsawonta na ƙuruciya, tana bukatar hoton baya.

Awo na biyu, tana nan tsaye, diddige da mazaunai da kafaɗu manne da bango, ido na kallon gaba, a duba ko ƙeyarta na taɓa bango ba tare da ta ɗaga haɓa ba. In akwai rata, alama ce. Sannan a tsaya bayanta a sa yatsu a kuiɓinta, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da bakin ƙashin ƙugu. Idan yatsa biyu ne kaɗai ke shiga ko ƙasa da haka, mai yiwuwa ƙasan bayan ya lotsa.

Na ukun na auna haɗarin faɗuwa ne. A ajiye kujera, a auna mita 3 a yi alama. Ta tashi, ta je alamar da tafiyarta ta kullum, ta juyo ta zauna, ana duba agogon waya. Daƙiƙa 12 ko fiye na nufin ƙafafu sun yi rauni.

Ba kowane doro ne zaizaya ba. Ciwon baya mai tsananta da dare, da rama, zazzaɓi, gumin dare, ko mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari, na iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda muke da shi a ƙasar nan, ko ciwon daji. Wannan ba ya jiran mako mai zuwa.

Mataki na uku: a zazzage ledar magani

Idan abu ɗaya za a ɗauka daga jagorar nan, wannan ne. Magungunan sitiroyid suna kashe ciwon gaɓɓai nan take, shi ya sa suke shiga cikin "haɗi" da ake ƙulla wa tsofaffi a leda ba suna ba kwali. Su ne kuma ke cikin sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, da wasu mayukan bilicin masu ƙarfi da ake shafe jiki da su shekara da shekaru. A jikin kwali za a ga an rubuta Dexamethasone, Prednisolone, Betamethasone ko Clobetasol. Aikinsu a ƙashi biyu ne, duka munana: suna danne masu gini, suna kuma rage kalsiyam da hanji ke tsotsa. Miligiram 5 na Prednisolone kullum har wata uku ya isa ya ɗaga haɗarin karaya, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko.

Ana gane wanda ya daɗe yana sha: fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya turo, hannaye da ƙafafu sun tsotse, fata ta yi sakayau da nankarwa, suga da hawan jini sun tashi. Jama'a na cewa ya murmure, alhali ciwo ne.

Kada a tsayar da shi rana ɗaya. Wanda ya sha fiye da mako uku, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, yanke shi kwatsam na iya jawo amai, faɗuwar jini da suma. A kwashi maganin gaba ɗaya a kai wa likita ya tsara yadda za a rage shi sannu a hankali. Mai asma ko amosanin gaɓɓai da likita ya ɗora a kai da dalili, ya ci gaba, amma ya tambayi abin da zai kare ƙashinsa.

Sauran da ke taɓa ƙashi idan an daɗe a kansu: wasu magungunan farfaɗiya irin su Phenytoin, Phenobarbitone da Carbamazepine, maganin olsa irin Omeprazole da ake sha shekaru ba tare da an sake dubawa ba, Tenofovir cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ko da yake ita ƙashin yakan farfaɗo bayan an daina. Babu wanda za a bari da ka a cikinsu, magana ce tsakanin mai sha da likitansa.

Mataki na huɗu: kalsiyam daga tukunya

Baligi na bukatar wajen miligiram 1,000 a rana, mace da ta haura 50 da namiji da ya haura 70 kuma 1,200. Abincinmu na yau da kullum ya yi nisa da wannan. Gero, dawa, masara da shinkafa ba su da kalsiyam na kirki, giram 100 na gero bai wuce miligiram 40 ba, ga shi kuma dusar hatsi na ɗauke da sinadarin da ke riƙe ɗan abin da ke akwai. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya tarar yaran da ƙafafunsu suka gwame suna samun wajen miligiram 200 kacal a rana, kuma kalsiyam ne ya gyara su duk da ranar da suke sha. Wato rana kaɗai ba ta gina ƙashi.

Nono shi ne kan gaba. Kofi ɗaya na mililita 250 na madarar shanu ko kindirmo na ba da kusan miligiram 300, kuma jiki na tsotsarsa da kyau. Cire man shanu bai rage masa kalsiyam ba, ruwan da ake sirkawa ne ke ragewa, don haka tsala mai ruwa-ruwa sai an ninka. Wanda madara ke kumbura wa ciki yakan iya shan kindirmo lafiya. A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Garin madara cokali uku a cike, wajen giram 30, na ba da kusan 270, amma a karanta jikin leda, domin wasu garin farin shayi ne kawai.

Sai kifi da ƙayarsa. Tsokar kifi ba ta da kalsiyam sosai, a ƙashinsa yake. A sayi ƙananan busassun kifi, irin na Bakalori ko waɗanda ake kawowa daga Yawuri, a sansana, in da warin maganin ƙwari a bar shi. A wanke yashi da ruwan ɗumi, a shanya ya bushe ƙayau, a ɗan gasa a kasko ba mai, a daka har kai da ƙaya, a tankaɗe, a sake daka tsakin. A zuba a kwalba mai murfi, ana saka cokali ɗaya zuwa biyu a miyar kowane mutum. Wannan ya dace da tsohon da ba shi da haƙori da kuma yaron da aka yaye. Gwangwanin kifin sadin ɗaya, in aka cinye har ƙashin, na ba da wajen 300.

Kuka da zogale dukiya ce da muke rainawa. Busasshen ganyensu na ɗauke da kamar miligiram 1,500 zuwa 2,000 a giram 100, ke nan cokali biyu a cike na iya kai 200, ko da yake jiki ba ya tsotsar na ganye kamar na nono. A shanya su a inuwa. Lalo, rama da kuɓewa suna taimakawa. Alayyafo na da kalsiyam amma yana da sinadarin da ke ɗaure yawancinsa, kada a dogara da shi. Riɗi da ɓawonsa na ba da kusan 90 a cokali, wanda aka sheƙe ɓawon kuwa ya yi asarar mafi yawa, don haka kantu na riɗi mai ɓawo ya fi. Awara abinci ne mai kyau na gina jiki, sai dai wadda aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya ba ta da kalsiyam da yawa. Romon ƙafar saniya da farfesun ƙashi ma haka, duk daɗewarsu a wuta kaɗan ne ke narkewa cikin ruwan. A sha don daɗi da ƙarfin jiki, kada a lissafa shi a maganin ƙashi.

Ga yadda yini zai iya kasancewa: koko da safe da garin madara cokali uku; fura da rana da kofin kindirmo cikakke; tuwo da dare da miyar kuka mai kauri da garin kifi; kantu biyu a tsakani. Wannan ya doshi 1,000. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, na rage sinadarin nan mai riƙe kalsiyam.

Kusan rabin girman ƙashi furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma tsoka ce ke hana faɗuwa. Dattijo na bukatar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 60 ke nan giram 60 zuwa 72, sai dai in yana da ciwon ƙoda likita ya rage masa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 14, nama ko kifi mai faɗin tafin hannu sama da 20. Kuskuren da ake yi cikin ƙauna shi ne mayar da tsoho kan koko da kunu zalla don ba ya iya tauna. A ba shi alale, faten wake, kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, dakakken nama. Gishiri kuma a rage, har da dunƙulen ɗanɗano, domin yawansa na fitar da kalsiyam ta fitsari; ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ne a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya.

Ƙwayar kalsiyam ta cike gibi ce. A duba adadin kalsiyam na ainihi: ƙwaya mai miligiram 1,250 na Calcium Carbonate, 500 ne a cikinta. A sha da abinci, kada a wuce 500 a lokaci guda, kada jimillar abinci da ƙwaya ta haura 2,000 a rana. Tana taurara bayan gida, tana iya ƙara tsakuwar ƙoda ga mai ita, tana kuma hana maganin ƙarin jini, Ciprofloxacin, Tetracycline da maganin tayirod shiga jiki, don haka a raba su da sa'o'i.

Mataki na biyar: rana

Ba tare da bitamin D ba hanji ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, kuma fata ce ke yinsa idan rana ta taɓa ta kai tsaye. Muna da rana har ta yi yawa, amma matar da ke kulle a gidan da aka rufe tsakar gidansa da kwano, da tsohon da ke wuni a ɗaki, suna iya rasa shi. Hasken da ya ratso gilashi ba ya aiki, ranar sassafe ba ta da ƙarfin da ake bukata, ƙurar hunturu ma na ragewa, kuma baƙar fata na bukatar lokaci fiye da fara. A fito tsakar gida da hantsi, wajen ƙarfe 10, hannaye zuwa kafaɗa da ƙafafu zuwa gwiwa a buɗe, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako. A bazara a rufe kai, a ajiye ruwan sha kusa. Wanda ba ya iya fita, ƙwayar bitamin D mai IU 800 zuwa 1,000 a rana (IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalin) ta wadatar. Ƙwaya mai IU 50,000 ba ta kullum ba ce, sai da umarnin likita.

Mataki na shida: a ɗora wa ƙashi aiki

Ƙashi na ƙarfafa ne inda ake taka shi ake jansa. Tafiya mai ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, tana riƙe abin da ke akwai, amma ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da aikin tsoka kwana biyu ko uku. A zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, a tashi a zauna ba dafawa sau 8 zuwa 12, a huta, a sake zagaye biyu. A dafa bango a ɗaga diddige sau 10 zuwa 15. A ɗauki gorar ruwa mai lita ɗaya, kilo ɗaya ke nan, a kowane hannu ana ɗagawa. Don daidaiton tsayuwa, a tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango daƙiƙa 10, ana ƙarawa har 30, sannan a yi taku goma diddige na taɓa yatsu. Don miƙar da baya, a kwanta rub-da-ciki da matashi ƙarƙashin ciki, a ɗaga kai da ƙirji kaɗan, a riƙe daƙiƙa 5, sau biyar zuwa goma.

Wanda bayansa ya riga ya lotsa ya kiyayi sunkuyawa da kaya da murɗa jiki. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a ƙasa, cicciɓar bokiti ko jika daga sunkuye, ɗaukar itace a ka, jan guga mai nauyi: a nan baya ke karyewa. A sa wa tsintsiya doguwar sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci, in za a ɗauki abu a lanƙwasa gwiwa baya na miƙe. Wanda ruku'u da sujada ke tayar masa da ciwo mai tsanani, shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi salla a zaune.

Mataki na bakwai: a zaga gida da idon mai neman abin tuntuɓe

A fara da banɗaki da wurin alwala. A kankare gansakuka, a gyara magudana, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a bango don dafawa, a ajiye kujerar wanka. Tsugunno na wahalar da tsoho, kafinta zai iya yin kujera mai rami da za a ɗora bisa masai. Tayil mai santsi a shimfiɗa masa roba. Dokin ƙofa mai tudu a rage shi ko a shafa masa farin fenti. Bakin tabarma da ya naɗe, igiyar akuya, wayar caji, turmi da taɓarya a hanya, duk a kawar. Tocila ta kwana kusa da matashi, da fo a ɗaki don fitsarin dare. Silifas da ya siɗe a jefar, a sayi takalmi mai riƙe diddige. Zani kada ya ja ƙasa.

A duba ido, yanar ido aiki ne na ɗan lokaci kuma yana rage faɗuwa. Mai shan maganin hawan jini, in ya farka ya zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe. Maganin barci irin Diazepam da maganin mura mai sa gyangyaɗi suna kayar da tsofaffi. Sanda kuma tsawonta ya kai daidai tsintsiyar hannu idan mutum na tsaye hannu a sake, a sa mata roba a ƙasa, a riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafar mai lafiya.

Mataki na takwas: asibiti

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100, amma yana nuna lotsewar baya idan aka ɗauka daga gefe. Ainihin awon na na'urar DEXA ne, wadda ke ba da lambar T bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1994: daga -1 zuwa sama lafiya, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 zuwa ƙasa zaizaya ce. Na'urar ba ta wadata ba, amma rashinta bai hana magani ba: dattijon da ya karye a ƙugu ko baya da ƙaramar faɗuwa ya cancanci magani ko ba a yi awon ba. Ana iya farawa daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, in abin ya fi ƙarfi a tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kafin magani a gwada kalsiyam na jini, aikin ƙoda, yawan jini, suga, da bitamin D inda ake yi, a kuma gyara ruɓaɓɓen haƙori.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne Alendronate, miligiram 70 sau ɗaya a mako. Yana rage saurin masu rusau, yana kuma rage karayar baya da ƙugu da kusan rabi ga waɗanda suka riga suka karye. Amma yana da ƙa'ida, kuma a nan mutane ke ɓata shi. Ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, ko shayi aka kora da shi ya tashi a banza. In kuma ya maƙale a hanyar abinci yana ƙona ta. A zaɓi rana guda a mako. A sha da safe ciki babu komai, da cikakken kofin ruwa zalla, a haɗiye ba taunawa. A zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, ba ci, ba wani magani, ba kwanciya. Saboda sujada, ya fi a sha bayan an idar da sallar asuba, a zauna lazimi rabin awa, sannan a karya. A watan azumi a tashi da wuri a sha minti 30 kafin sahur. In an manta, a sha washegari da safe, kada a haɗa biyu rana ɗaya. Bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba, ko mai wahalar haɗiya, ko wanda ba ya iya zama, ko mai ƙarancin kalsiyam a jini. Zafin ƙirji, ciwon haɗiya, ko wani sabon ciwo a cinya, a dakata a koma wurin likita. Bayan shekara 5 ana sake dubawa ko za a huta.

Wanda ba ya iya wannan akwai Zoledronic Acid, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, wanda kan kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku a karon farko. Akwai kuma allurar Denosumab duk wata shida, amma kada a fara ta sai an tabbata za a iya ci gaba, domin tsayar da ita ba tare da madadi ba na jawo karayar baya a jere.

Idan an faɗi

Kada a finciko mutum ta hannu. A tambaye shi inda ke ciwo, a dubi ƙafafun. Ciwo a matsematsi, kasa taka ƙafa, ƙafa ta gajarta ta kwanta waje, karayar ƙugu ce. A sa matashi tsakanin ƙafafu, a ɗaure su tare sako-sako da zani, a ɗauke shi a kwance kan ƙyaure ko katifa, mutum uku ko huɗu, a sa a mota. Ba a ɗora shi a babur. In dare ne hanya ba ta biyuwa, a ba shi Paracetamol, a lulluɓe shi, a kama hanya da gari ya waye.

Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a cikinmu, amma wuyan ƙashin cinya na can cikin tsoka inda kara ba ya kamawa, kuma karayar kan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin. Tiyata cikin kwana biyu ita ce mafi alheri, don a samu a tayar da mutum ya fara takawa. Kwanciyar watanni ce ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya, kuma su ne ke sa wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayan karayar ƙugu. Ko a hannu aka yi ɗori, idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, a kwance nan take a tafi asibiti, don ɗaurin da ya matse na iya kai wa ga yanke hannu.

Wanda dole ta kwantar, a juya shi duk awa biyu, a tsane jikinsa, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa, a zaunar da shi lokacin cin abinci. Ranar sallama kuma, kafin a naɗe tabarma, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya tsaya ya tambayi likita: "Likita, an gyara karayar, to ita zaizayar da ta kawo ta, wane magani za a ɗora Inna a kai, kuma yaushe za mu dawo?"